Yadda Na Gasa Balki da Man Leda a Maraɗi

Tun ranar da na sauko daga mota bakina bai huta ba. In na je suna, "Inna Tumba, yaya Faranshi?" wato Nijar. In na je gaisuwar mutuwa ma, sai wata ta matso ta rage murya ta ce, "Wai da gaske da bola kinka dafa ruwan jego?" Na gaji da maimaitawa. Shi ya sa na kira Malama Rabi mai koya wa mata karatu, na ce ta zauna da alƙalaminta in faɗa sau ɗaya, ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ta gyara mini. Ni ban san baƙi ba, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce ungozomar Bungudu. Masu gemu da yawa da ke tsallake ni a hanya yau ni na yanke musu cibi. Balki kuwa jikata ce, a bayana ta girma. Uwarta, ɗiyata ta fari, cikin jego ta rasu. Gidan da take aure sunka yanke mata wanka tun ba a je ko'ina ba, wai itace ya ƙare. Ta kumbura, ta kwanta, ba ta tashi ba. Malaman asibiti suna da tasu magana a kan abin da ya kashe ta, ni ma ina da tawa. Tun daga ranar na ɗaukar wa kaina alkawari: in Allah ya nuna mini haihuwar Balki, sai ta yi wankanta safe da yamma har arba'in, ko da ƙofar ɗakina zan faskara.

To, Balki ta auri Mamman, wani tela ɗan Maraɗi, yaro mai kunya. Mun shirya za ta zo gida goyon ciki, sai haihuwa ta riga mu. Saƙo ya iso ta bakin direba: ta sauka, namiji, amma ta jigata, an hana ta hawa mota. A ƙarshen saƙon kuma Mamman ya ce a gaya mini itace a garinsu ɗauri-ɗauri ake sayarwa kamar asuwaki. Ban bari direban ya gama shan ruwansa ba na fara ɗaure gero da kanwa da kayan yaji.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiharmu ta Zamfara ba, kuma kun tuna wahalar mai da anka sha. Da na iso Gusau na iske layin motoci a gidan mai ya miƙe har ido ya gaza. Direbobi sun shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin motocinsu, masu shayi sun kafa tebur, har wanzami na gani yana aski a cikin layin. A Tudun Wada inda na sauka wurin wata ƙawata, kananzir ya zama sai labari, da dussar katako suke girki, duk matan gidan idanunsu jajir. Can anka haɗa ni da Ɗanlami, direban babbar mota mai kai masara Maraɗi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce gaba ta cika, sai dai in hau kan buhuna.

Na ce, "Kai ba ɗan Hajo ba ne ta bakin kasuwar Bungudu?"

Ya ce shi ne.

Na ce, "To ni na tarbe ka ranar da ka zo duniya, da ƙafa ka fito, ka wahalar da uwarka ka wahalar da ni. Yau ka ce in hau buhu?"

Mutanen tasha sunka fashe da dariya. Wani ɗan kasuwa mai tumbi shi ya hau buhun, ni na zauna gaba kusa da taga.

A Tsafe na sa anka tsaya ƙofar gidan ƙanena Malam Audu. Dama na aika masa, ya kuwa tara mini busasshen marke da ƙirya, faskare masu nauyi irin waɗanda in sun kama wuta sai sun ga dama su mutu. Ɗanlami ya ga tulin ya riƙe ƙugu.

"Inna, gida za ki gina can?"

"Mutum zan gina. Ɗora."

Anka ɗora, yana ta ƙunƙuni wai motarsa ta zama jakin Bungudu. Matar Audu ta cika mini ƙwarya da dambu da ƙuli, munka kama hanyar Katsina. Hanyar ba ta da wani labari sai na tsayawa. Nan shinge, can shinge, ko'ina sai Ɗanlami ya sauka ya je bayan mota su gaisa da masu kaki. Taya ta fashe mana kusa da wani ƙauye, muna jiran a liƙe wata mata ta gane ni ungozoma ce daga yadda na kalli goyonta, ta kawo mini shi in duba maɗigarsa. Na duba, na gaya mata abin da za ta yi, ta kawo mini nono mai sanyi.

A Jibiya munka yada zango, gidan wani fatoma mai saukar da fatake. Ɗakin mata guda ne, tabarmi ko'ina, kowa ta yi matashi da ƙunshin kayanta. Wadda ke kusa da ni Hajiya Gambo ce, mai fataucin atamfa, ta san iyakar nan kamar tsakar gidanta. Da ta ji abin da na ɗauko sai da ta ajiye lomar da ke hannunta.

"Itace? Zuwa can? Inna, da kin ɗauko bindiga da ya fi miki sauƙi. Mutanen nan a kan reshe guda sai su ɗaure mutum."

Na ce ai ba nasu na sara ba, na Tsafe ne. Ta ce, "Ki gaya musu haka, ina nan kusa ina saurare."

Da safe munka wuce namu masu tsaron iyaka ba wata matsala. Nasu kuwa daban ne. Jandarmominsu ba su da hayaniya, ba sa roƙo da dariya irin namu, sai tsayuwa ƙyam da kallo. Ɗaya ya ce in kawo katina. Na ce wane kati? Na juya masa kuncina na nuna masa zanen da wanzami ya yi mini tun ina jaririya, na ce ga shi nan, duk wanda ya san mutane ya san daga inda wannan ya fito. Ya kira abokinsa sunka yi ta yare da hanci, ƙarshe ya yi murmushi ya ce, "Wuce, Iya." Na ce a raina an gama.

Ashe da saura. Gaba kaɗan sai ga wasu masu koren kaki, ma'aikatan gandun daji. Babbansu ya hau motar, ya ɗaga faskare guda ya shinshina.

"Na wane ne?"

"Nawa ne."

"Ina takardar sara?"

"Ɗana, marken Tsafe ne. Ƙanena ya sare shi a gonarsa."

"Iya, marke ba ya magana. Mu ma muna da shi a dajinmu, ga shi duk an cinye. Yaya zan yi in san ba namu ba ne?"

Na gaya masa maganar jego, na gaya masa maganar uwar Balki, abin da ban cika gaya wa baƙo ba. Ya saurara, ban ce bai saurara ba, har ya sunkuyar da kai. Amma ya ce in ya bar nawa, gobe kowace mota da mai jego a cikinta. Ina tsaye ina kallo anka sauke mini itacena tas a gindin wata bishiya. Da sunka juya na ɗauki wani siririn faskaren ƙirya na dogara, na fara ɗingishi. Babban ya gan ni sarai, ya kau da kai. Hajiya Gambo ba ta tuna mini gargaɗinta ba, Allah ya saka mata, sai goro ta ɓare ta miƙo mini.

Maraɗi gari ne mai faɗi da yashi. Magana tamu ce, sai dai sun cusa mata wasu kalmomi. Asibiti su likita suke ce masa, ni kuwa da anka ce mini an kwantar da Balki cikin likita sai da na zaro ido. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ga tauri, haƙorana biyu na gaba ba su yafe masa ba har yau. Fura kuwa sun fi mu sha, safe fura, rana fura, baƙo ya zo fura. Abin da ya fi ba ni haushi wutar lantarkinsu, ba ta ƙiftawa ko sau ɗaya, kuma wai daga wurinmu ake kai musu.

Na iske an riga an yi suna. Balki na kwance, ta yi fari fat, na kama ƙafarta na ji ta yi sanyi kamar randa. Ta ce, "Inna, kin zo," sai hawaye. Na ce ta share, ban yi wannan tafiya don in ga kuka ba. Uwar mijinta, Hajiya Tsahara, doguwar mace mai taƙama, ta tarbe ni da mutunci, ta yanka mini zabo. Bayan na ci na ce a nuna mini itacen wanka. Anka kai ni wani lungu. Abin da na gani a can, a Bungudu ko tuwon suna ba zai dafa ba. Sau ɗaya suke yi mata wanka a yini, da ruwan da ko yaro zai sa hannu ya yi wasa.

Hajiya ta ce, "Mu nan haka muke yi. In wannan ya ƙare, wanka ya ƙare. Ba mu da daji irin naku."

Na ce, "Hajiya, maganar nan na taɓa jin ta sau ɗaya a wani gida. Ba zan sake jin ta ba."

Na mayar da wanka safe da yamma, da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, tulin itacen kuwa ya fara narkewa a idon kowa. Na fita neman kara, na iske kara ma da mai shi. Kashin shanu da muke tsallakewa a hanya, can a kwando ake tallansa. Mamman ya same ni a zaure ya durƙusa, ya ce zai sayar da kekensa na ɗinki. Na ce, "Kai angona, in ka sayar da keke me za mu ci, ni da kai? Tashi ka ba ni wuri." Wasa na yi masa, amma ni kaina ban ga mafita ba.

Rannan na ɗauki gero na kai niƙa don kunun kanwa. Injin unguwar na wani dattijo ne, Isufu, gajere mai kunne ɗaya da rabi, ya yi aikin kanikanci shekaru can arewacin ƙasarsu. Abin da na fara lura da shi, duk injinan garin sun yi shiru don babu man da ake satowa daga wurinmu, nasa kuwa yana ta bugawa. Na biyu, mata na zuwa da ƙunshin tsofaffin ledoji da fasassun bokitan roba su zube masa kafin ya karɓi niƙansu. Ga wani wari a bayan rumfar, ba na kananzir ba, ba na ƙonanniyar taya ba, tsakaninsu. Ni ba a ɓoye mini abu. Na zagaya.

Ganga ce ta ƙarfe a kan murhu, an rufe bakinta an shafe da laka. Daga murfin bututu ya fito, ya nutse cikin rabin ganga mai ruwa, ya ɓullo ta ƙasa, yana ɗiga wani baƙin ruwa cikin garwa, ɗis, ɗis. Wani siririn bututu kuma ya komo ƙarƙashin gangar, wuta na fita daga bakinsa, babu itace babu gawayi, sai huci.

Na ce, "Malam, tsafi kake yi ko giya kake dafawa?"

Ya yi dariya har da tari. "Iya, mai nike tatsa. Leda ai daga mai anka yi ta. Ni mayar da ita gida nike yi."

Ya zaunar da ni kan wata tsohuwar taya ya yi mini bayani, na kuwa riƙe. In ka ƙona leda a fili, hayaƙi ne da wari, ta tafi a banza. In ka rufe ta ruf inda iska ba ta shiga ka gasa ta daga waje, ba ta kamawa, narkewa take ta zama tururi. Tururin in ya bi bututu ya ji sanyin ruwa sai ya koma mai. Wanda ya ƙi komawa shi ne ke ci a ƙarƙashin gangar, tukunya na dafa kanta da kanta. Amma leda ita kaɗai, in ji shi, mai take bayarwa mai daskarewa kamar kakide, ya toshe bututu. Ɓawon gyaɗa da totuwar masara su kaɗai kuma ruwa ne mai tsami, ba ya ci da kyau. Sai an haɗa su, hawa na leda hawa na ɓawo.

Na ce, "Wato gero da nono."

Ya ce, "Ke kin riga 'yan lakwal, masu karatun boko, ganewa."

Ya ce ba kowace roba ba ce. Bututun ruwa da takalmin roba ba a sa su, hayaƙinsu na cizon ƙirji yana cin ganga. Na tambaye shi ko man nan na tafasa ruwa. Ya jawo wani murhu da ya ƙera, gwangwani a sama da ɗan famfo, man na ɗiga kan faranti mai yashi. Ya ƙyasta ashana. Jama'a, wutar da ta tashi, marken Tsafe sai ya yi da gaske. Ya gindaya mini sharaɗi: a fili kawai, ba a ɗaki ba, ruwan wanka kawai a rufaffen mazubi, ba abinci ba, kuma mai jego da jariri su yi nesa da hayaƙin. Sannan ya ce abin da gangarsa ke tatsa da ƙyar yake isar injinsa. In ina son mai, sai in kawo tawa ledar, mai yawa.

Washegari ni Tumba, da ake shimfiɗa wa darduma a gidajen suna, na ɗauki buhu da sandata na hau juji. Leda kam Allah ya yi ta a garin nan, ta maƙale a kowace ƙaya, awaki na ci suna mutuwa. Kafin azahar labari ya riga ni gida. Na iske Hajiya Tsahara tsaye a tsakar gida, ta ɗaure ɗankwali ta gaba.

"Baƙuwarmu a kan bola! Kakar matar ɗana! So kike a ce gidan Tsahara an kasa ciyar da baƙo har ya fita tsince-tsince?"

"Hajiya, ba ci zan yi ba."

"Kuma da ƙazantar gari za ki dafa wa mai jego ruwa?"

"Wutar ce za ta taɓa ganga, ba ledar ba. Ke da kashin shanu kike dafa tuwo, wa ya taɓa cewa kin ci kashi?"

Ta shige ɗaki ta saki labule. Amma maganarta ta zauna mini, kuma bayana ma ya gaya mini ba zai iya jujin nan kullum ba. Sai na yi abin da na iya. Na shimfiɗa tabarma a zaure na sa anka faɗa a unguwa cewa ungozomar Zamfara ta zo, mai jariri mai kuka, mai cibin da ya ƙi warkewa, mai ciki da ke son a duba kwanciyar ɗa, duk su zo. Ba na karɓar ko sisi, ladana ƙunshin leda ne ko kwandon ɓawon gyaɗa. Kafin a ce haka, zauren Hajiya ya cika da mata, bayan gida ya cika da buhuna. Wata ta zo da tsohuwar butar mijinta, ashe ba tsohuwa ba ce, da la'asar ya biyo sawu yana faɗa.

Munka ɗura gangar farko da kayana, hawa-hawa yadda ya ce. Ta ba da mai, munka tace da tsumma, da yamma na kunna murhun Isufu a bayan gida na ɗora rabin ganga. Ruwa ya tafasa har yana tsalle. Na tsoma ganye na fyaɗa wa Balki, ta yi ƙara ta ce, "Inna, za ki kashe ni!" Na ce yau dai na ji muryarki.

Kada ku ce komai ya tafi sumul. Wata Juma'a itacen lungu ya riga ya ƙare ƙaf, man da ke garwa na wankan safe ne kawai, munka ɗora sabuwar ganga. Isufu zai tafi masallaci ya ce in zauna in kula da wuta, in ta yi ƙasa in tura kara. Bai ce mini komai a kan murfi ba, ku riƙe wannan, bai ce ba. Ina zaune na ga ɗigar ta rage. Na kasa kunne na ji cikin gangar na ƙuna. To ni tun ina 'yar yarinya na san tukunyar da ba a motsawa kamawa take. Wace mace ce za ta ji girki na kamawa ta naɗe hannu? Na sa sandata ta ƙirya na ɓamɓare lakar, na ɗaga murfin don in juya.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Wani bum na ji, wuta ta yi sama ta wuce rufin rumfa. Matan da ke jiran niƙa sunka watse suna salati, wata mai hankali ta ture murfin ya koma, sauran sunka yi ta watsa yashi. Allah ya tsare, ba wanda ya ƙone, sai girata biyu da sunka tafi da gefen ɗankwalina. Isufu ya dawo da gudu, carbi a hannu, ya dubi ganga ya dube ni.

"Iya! Na ce iska ba ta shiga!"

"Ka ce ba ta shiga. Ba ka ce kada a buɗe ba."

Sai dariya ta kama shi har ya zauna kan taya. Ni ban yi dariya ba. Kayan gangar sun ƙone ƙurmus, sai ta huce kafin a sake ɗurawa, mai kuma sai gobe. Wankan yamma fa? Na koma gida ba gira ba mai, na zauna kusa da murhu mai sanyi, rana na sauka. Na dubi ƙofar ɗakin da anka sauke ni ina auna ta da ido, sai na tuna ba tawa ba ce.

Can na ji ana mirgino abu. Hajiya Tsahara ce, da kanta, tana turo wani tsohon turmi da ya tsage ta gefe. Balki ta taɓa gaya mini na uwarta ne, ba a daka a ciki, ba a kuma yarda kowa ya zauna a kai. Ta tsayar da shi gabana, ta ajiye gatari, ba ta dube ni ba.

"Mamman ya faskara. Kada a ce a gidana anka tsallake wanka." Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya. "Kuma ki shafa man shanu a goshin nan, kin yi kama da ƙwarya."

Turmin nan ya yi mana yamma ya yi mana safe. Ni kuwa da sassafe ina wurin Isufu. Lakar da yake shafawa dama tsagewa take in ta ji wuta, tururi na zurarewa. Na kwaɓa masa irin wadda muke liƙe bakin rumbu da ita, laka da kashin jaki da toka, na bi murfin da hannuna kamar ina liƙe madambaci. Tun daga ranar ni ke liƙewa shi ke hurawa, mai kuma bai sake yanke mana ba. Har Hajiya ta fara aiko da ledojin ɗakinta a ɓoye cikin kwando, an rufe da ɓawon gyaɗa, wai kada in gani.

Da munka kai jariri likita a yi masa lamba, wata ma'aikaciya ta tsare ni da magana, wai a rage kanwa a kunu, kuma ruwa kada ya kai na saɓule fata. Na rage kanwar, ba don ta faɗa ba, don kanwarsu ta fi tamu kaifi. Ruwan ma na riƙa sirkawa kaɗan, don wutar man ta fi ta itace zafi. Ita dai ta faɗi nata.

Ranar da arba'in ta cika na yi wa Balki wankan ƙarshe da hantsi, ban tsallake ko ɗaya ba tun zuwana. Ta yi kitso ta sha lalle, ta fito tsakar gida da ɗanta a kafaɗa. Matan unguwa sun cika gidan, har da masu kawo mini leda. Hajiya Tsahara ta sa Balki ta zauna kan kujera, ta durƙusa da kanta, ta kama ƙafarta ta danna yatsa a ƙauri. Ta ɗaga, wurin bai lotsa ba. Ta duba idonta, ta juya tafin hannunta, ta sa ta tashi ta ɗauki bokiti cike da ruwa ta kai bakin randa. Balki ta ɗauka da hannu ɗaya, ta dawo tana dariya.

Hajiya ta miƙe ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Ta gasu."

Na ce, "Ban ji ba, Hajiya, kunnen ya tsufa."

Ta ce, "Na ce ta gasu, Bazamfara! Ko sai na kira maroƙi?"

Guɗa ta tashi har maƙwabta sunka leƙo ta katanga.

Dawowa ba ta da labari, ba abin da na ɗauko da za a sauke mini. Isufu ya rako ni tasha, ya sa na maimaita masa aikin daga ɗura ganga har tace mai, na faɗa masa tiryan-tiryan ban yi tuntuɓe ba. Da na iso Gusau ban wuce Bungudu ba sai da na biya wurin masu walda, na tsaya a kansu sunka huda murfin ganga sunka lanƙwasa bututu yadda na nuna musu da hannu, suna ta tambayata ko injiniya ce ni. Gangar tana bayan gidana yanzu, can nesa da ɗakuna, duk mai son gani ta zo da rana.

Iyakar labarin ke nan, Malama ta ce hannunta ya gaji. Saura magana ɗaya. Duk wadda ke da ciki a unguwar nan, ko take da ɗiya mai ciki, kada ta zo mini ranar suna tana cewa itace ya yi tsada. Ta nemi buhu ta fara tara ledarta tun yau.